Galan Biyu a Bayan Tayoyi

Shekara arba'in da 'yan kai ya yi yana kwanciya a ƙarƙashin motocin mutane, har 'yan gareji suka manta sunansa na yanka suka koma kiransa Mai Hanci. Dalili kuwa, in aka kawo masa mota ba ya tambayar yaushe aka yi mata juyen mai. Zaro sandar gwada mai yake yi, ya lakato da yatsa, ya murza, ya kai hanci, sannan ya gaya wa mai motar abin da bai so ji ba. Yanzu ya bar gareji, ya dawo gida da akwatin sifanu da ciwon baya, kuma mota ɗaya ce tak ta rage a hannunsa: ta 'yarsa Auta.

Auta ma'aikaciyar jinya ce. Ran da ta sayi motar ta kawo masa ya sa albarka, ta nuna masa wani abu a allon gaban sitiyari tana ta murna. Lamba ce da ke farawa daga ɗari tana sauka a hankali, in ta yi ƙasa sai fitila ta kunna, wato lokacin juyen baƙin mai ya yi. Mai Hanci ya leƙa, ya taɓe baki, ya ce abin da ba shi da yatsa ba shi da hanci ina ya ga mai? Ya yi mata bayani ko da ba ta nema ba. Na'urar ba ta taɓa ganin mai ba, lissafi kawai take yi: sau nawa aka tada inji da sanyi, zafin da ya ɗauka, tsawon tafiya, tsayuwa a cunkoso. In an juye mai sai a danna mata maɓalli ta koma ɗari, ita kuwa ta yarda, don ba ta da hanyar ƙaryata kowa.

Daga baya, shi da zuciyarsa, ya yarda lissafin nata ba laifi. Sau uku yana gwada ta da yatsansa, sau uku suna zuwa kusa da juna. Bai faɗa wa kowa ba, don tsohon makanike ba ya yabon na'ura a gaban mutane.

Haka abin ya zama musu ƙa'ida. Duk lokacin da lambar ta sauko sha biyar, Auta za ta sayo galan na mai da sabuwar filtar tace mai, ta zo ranar Asabar da hantsi, ta ajiye motar a gindin bishiyar ƙofar gida, ta miƙa masa makulli. Daga nan sai ta shige kicin wajen Inna, mahaifiyarta, su yi ta hira suna dariya har awa biyu. Shi kuwa ya shimfiɗa kwali, ya shige ƙarƙashi. Sauran 'ya'yan sun yi nisa, sai waya. Ita ma Auta aiki ya yi mata yawa, zuwanta a tsaitsaye ne, ban da wannan Asabar ɗin da take zama har a ci abinci da ita. Mai Hanci ya san da haka, har yakan tambaye ta a waya wai lambar nan ta kai nawa.

Bara waccan hannunsa na dama ya fara ba shi kunya. Da fari kofin shayi ne ke rawa, daga baya yatsun suka daina damƙa. Ranar wata Asabar ya shiga ƙarƙashin motar, ya ɗora sifana a kan notin da ake kwancewa mai ya zuba, ya ja, sifanar ta suɓuce ta faɗo masa a ƙirji. Ya sake, ta sake suɓucewa. Ya gwada da hagu, notin ko gezau. Ya daɗe kwance yana kallon gindin inji, yana jiyo dariyar Auta ta tagar kicin, kunya ta rufe shi kamar an kama shi da sata.

Da ya so, kiran waya ɗaya ya isa. Rabin makanikan layin nan a hannunsa suka koyi aiki, Dogo ma da ya gaji garejin da gudu zai zo. To amma in Dogo ya ji, gobe duk layi ya ji Mai Hanci ya kasa kwance noti. In kuma Auta ta ji, tausayi zai sa ta riƙa kai motar wani wuri, Asabar ɗin ta tafi ke nan. Sai ya ce wa kansa man ai bai mutu ba, zai ɗauki sati biyu, kafin nan hannun ya dawo. Ya fito, ya zauna a kujerar direba, ya danna maɓallin. Lambar ta koma ɗari. Galan ɗin da filtar ya kai ɗakin ajiya ya tura bayan tsofaffin tayoyi, ya goga tsohon tsumma a hannu don a ga baƙi.

Hannun bai dawo ba. Bayan wata bakwai ta sake zuwa, wannan karon ko kwalin bai kwanta a kai ba. Ya ɗan ƙara mai ta sama daga wata tsohuwar kwalba, ya danna, ya kai galan na biyu kusa da ɗan'uwansa. Abin da ya fi damunsa shi ne yadda na biyun ya zo masa da sauƙi.

Yau Asabar ta uku ce. Auta ta fito daga mota da galan a hannu, ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce wannan juyen na musamman ne. An mayar da mijinta aiki wani gari mai nisa, ranar Laraba za ta ɗebi yara uku ta kai masa su hutu, tafiyar yini guda, ita za ta tuƙa. Abokan aikinta sun ce ta kai motar a duba tukuna, ta ce musu ita tana da injiniya a gida, ga kuma na'ura, ba ta taɓa barin lambar ta sauka ƙasa da goma ba. Ta faɗi haka da alfahari, ta miƙa masa makullin, ta wuce ciki.

Ya buɗe murfin inji. Rabonsa da zaro sandar nan da niyyar ya duba da gaske har ya manta, don ya san abin da zai gani. Ya zaro. Man ya tsaya ƙasa da zane, baƙi ƙirin, da ya murza sai ya ji shi da kauri da ɗan tsakuwa-tsakuwa kamar gari. Ya kai hanci, ƙauri ya buge shi. A gareji da wani ne ya kawo masa wannan, da sai ya wanke shi tas a gaban jama'a, ya tambaye shi ko motar gadon maƙiyinsa ce. Irin tuƙin Auta kuwa shi ne mafi cin mai: daga gida zuwa asibiti, minti goma, a cunkoso, inji bai gama ɗumi ba an kashe. Irin wannan man za ta hau babbar hanya da shi, cikin zafin rana, da yara a baya.

Ya zauna a kujerar direba ya murɗa makulli. Sha huɗu, in ji allon. Ya tsaya yana kallon lambar, sai ya ji tausayinta, abin da bai taɓa zato ba. Ita dai aikinta ta yi. Tun ran da aka ce mata an zuba sabo take ƙirge da gaskiya, ba ta tsallake ko tafiya ɗaya ba. Shi da yake mata dariya wai ba ta da hanci, shi ne ya mayar da ita maƙaryaciya, kuma 'yarsa ba na'urar ta yarda da ita ba, ubanta ta yarda da shi. Ya ɗora yatsansa a kan maɓallin.

Inna ce ta fito da butar shayi ta ajiye masa a kan benci. Ta dubi kwalin da ke jingine da bango ba a shimfiɗa ba, ta dube shi. Ta ce jiya ta shiga ɗakin ajiya neman tsohuwar tukunya, ta ga ɓeraye sun fara tara baƙin mai a bayan tayoyi, har da filta. Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma jira amsa ba. A bakin ƙofa ta tsaya ta ce, "Malam, har da 'yar ƙaramar jikarka za a tafi."

Ya ɗauke yatsan. Ya je ɗakin ajiya, ya rungumo galan ɗin ɗaya bayan ɗaya a ƙirji, tunda hannun ba zai riƙe mariƙi ba, ya jera su a gaban motar kusa da na yau. Uku ke nan, duk ba a fasa murfinsu ba. Sannan ya kira Auta.

Ta fito tana goge hannu da zani, da sauran dariya a fuskarta. Ta ga galan uku, ta ɗauka tsarabar hanya ce ya saya mata, har ta fara godiya. Ya ce ta tsaya.

"Naki ne, waɗanda kika kawo. Ban zuba ba. Hannuna ya daina kwance noti tun bara waccan, maɓallin kawai nake dannawa."

Dariyar fuskar Auta ta ɗauke. Ta dubi galan ɗin, ta dubi motar, yana ganin tana ƙirga watanni a kai. Ranta ya ɓaci ƙwarai, bai kuma ga laifinta ba. Ta tuna masa ran da ta kai Inna asibiti a guje a motar nan, da duk safiyar da ta ɗauki yara zuwa makaranta. Ta ce ko da wasa ba ta taɓa zaro sandar nan ba, ko da yake shi ya koya mata, amma ta ga allon ya ce ɗari kuma Baba ne ya yi aikin, me za ta duba? Muryarta ba ta tashi ba, da ta tashi da ya fi masa sauƙi.

Sai ta kamo hannun nasa na dama, ta juya shi kamar yadda take wa marasa lafiya, ta ce ya matse yatsunta. Ya matse iya ƙarfinsa. Ta sunkuyar da kai.

"Baba, ni fa aikina ke nan. Shekara ɗaya da rabi kana ɓoye wa ma'aikaciyar jinya hannu."

Ya ce ba hannun yake ɓoyewa ba. Tsoro ya ji kada ta daina zuwa. Maganar ta fita kafin ya tare ta, shi kansa bai san a haka za ta fito ba.

Ta juya ta shiga gida. Ya zaci jakarta ta je ɗauka. Can sai ga ta sanye da tsohuwar rigarsa ta gareji, ta naɗe hannuwan, Inna na biye da ita da tsohon daro. Ta shimfiɗa kwalin, ta tambaye shi sifana mai lamba nawa. Ya faɗa mata. Ya zauna a kan benci yana ba da umarni: ta sa jak ɗin ɗaga mota a inda ƙarfe ya yi kauri, ta tokare tayoyin baya da dutse, ta ja sifanar wajen kanta ba turawa ba. Notin ya ƙi, ta yi tsaki, ta ce wane mugu ne ya ɗaure wannan. Ya ce ubanta ne, lokacin yana da hannu. Inna ta yi dariya ita kaɗai.

Da notin ya saki, man bai zubo da gudu yadda ya kamata ba. A hankali ya riƙa sauka, da guda-guda. Ya sa aka turo masa daron, ya lakata, ya murza, ya shinshina, ya sake murzawa a rana yana neman ƙyallin ƙarfe. Hancin dai yana nan, yatsun ma suna ji ko da ba sa riƙo.  Ya ce injin bai mutu ba, amma akwai dauɗa a kwance a ciki wadda juye ɗaya ba zai fitar ba. Sai an sauke kaskon da ke gindin inji an wanke, an duba ragar da ke tsotsar mai, in ba haka ba motar nan ba ta hau babbar hanya ranar Laraba. Wannan kuwa ba aikinta ba ne, ba kuma nasa ba ne yanzu.

Ta ɗaura sabuwar filta, ta zuba galan ɗin yau, ta fito fuskarta duk baƙi. Ta shiga ta murɗa makulli, allon ya ce sha huɗu. Ta tambaye shi ko ta danna. Ya ce a'a, a bar ta a haka sai an gama aikin, ta sha ƙarya ta isa. In an gama ma, kada ta bar mata komai ita kaɗai. Lambar tana gaya mata lokaci, amma ba ta san ko mai ya ragu ba, ba ta san wane iri aka zuba ba. Duk sati biyu ta zaro sandar ta gani da idonta, ko wa ya yi juyen.

"Ko kai ne?"

"Musamman in ni ne."

Ta ce ranar Litinin za ta zo ta kai shi wajen likitan jijiya, kuma ba shawara take nema ba. Bai yi gardama ba. Ya ce ta ɗauko masa wayarsa a aljihun riga, ta nemo masa lambar Dogo, don yatsansa ba ya samun ƙananan haruffan nan. Ta nemo, ta ce ko ita za ta yi maganar, ta ce wa Dogo ita ce ta yi sakaci da motar. Ya girgiza kai, ya karɓi wayar da hannu biyu ya kai kunne. Tana jiyo Dogo daga can yana ta gaisuwa, ranka ya daɗe, ranka ya daɗe.

"Dogo," in ji Mai Hanci, "ka zo gida da kayan aiki. Akwai motar da na ɓata."