Injin Aro

Shekara goma sha ɗaya na yi ina koyar da sassaƙar ƙarfe a sashen injiniya na jami'armu, kuma in faɗi gaskiya, a jikin allo nake sassaƙa shi. Ba ni alli, in zana maka injin sassaƙar ido rufe, in faɗa maka sau nawa ya kamata ya juya a minti ɗaya ga kowane irin ƙarfe. Injin kansa kuwa, wanda ke ɗakin firaktikal, ya mutu tun ina ɗalibi. An lulluɓe shi da tampol, ɓeraye sun haihu a cikinsa har sun ga jikoki. Duk shekara ina ba da makin firaktikal, daga rahoton da ɗalibai ke kwafa a wurin waɗanda suka gabace su.

Sai ga takarda, masu tantance kwasa-kwasai za su zo ranar Laraba. Idan kwas ɗinmu ya faɗi, ɗalibai hamsin da biyu da ke ajin ƙarshe za su fita da takardar da hukumar injiniyoyi ba ta san da zamanta ba.

Kowa a jami'a ya san yadda ake tarbar irin waɗannan baƙi. Aro ake yi. Littattafai daga sashen maƙwabta, kwamfutoci daga ofisoshin sakatarori, har tukwanen furanni sai an ɗebo. Baƙi na juya baya, kowa ya zo ya kwashi kayansa. Shugaban sashe ya kira ni ofis, ya tura ƙofa da ƙafa, ya ce, "Dakta, ba yayanka ke da irin injin nan a shagonsa ba? Ka taimaki yaran nan."

Shagon Yaya yana bayan tashar mota, tsakanin mai faci da mai walda. Ƙasan duk ɓarɓashin ƙarfe ne da baƙin mai, rediyonsa rataye a ƙusa. Tun rasuwar Baba ya ajiye makaranta ya kama wannan sana'a, a cikinta ya raine ni har na zama abin da na zama. Rabona da shagon ya fi shekara uku, don ba na son mai ya taɓa mini takalmi. Na yi masa bayani ina tsaye daga bakin ƙofa.

"Aron na kwana nawa ne, Auta?"

"Uku."

"Yaran naku 'yan baiwa ne ke nan. Ni shekara huɗu na yi kafin maigidana ya bar ni in kunna shi ni kaɗai."

"Ba koyo za su yi ba, Yaya. Nunawa kawai za a yi."

Ya daɗe yana goge hannu da tsumma. Daga ƙarshe ya ce ya yarda, amma injinsa ba ya zuwa ko'ina sai da shi. Shugaban sashe ya ce ai faɗuwa ce ta zo daidai da zama, dama ba mu da ma'aikacin ɗakin firaktikal. Aka ba Yaya shuɗiyar riga ta ma'aikata da katin rataya a wuya. Ni kuma na ja shi gefe na roƙe shi abin da har yau in na tuna sai na ji kamar in nutse: kada ya kira ni Auta a gaban mutane, kada kuma ya nuna mun haɗa jini. Ya ce, "To, Dakta."

Ranar Talata muka ja mataccen injinmu muka ɓoye a bayan janareta. Na Yaya aka shafa masa koren fenti, aka manna masa lambar kayan jami'a.

Wadda ta jagoranci baƙin wata farfesa ce, 'yar ƙarama, tabarau rataye da igiya a wuyanta. Ba ta ko kalli tukwanen furanni ba. Tana shiga ɗakin firaktikal ta nufi injin, ta sa yatsa a tiren da ke ƙarƙashinsa, ta murza ɓarɓashin ƙarfen da man.

"Wannan kam yana aiki," in ji ta. "A kira mini ɗalibin da ya fi kowa maki."

Aka kira wata yarinya da 'yan ajinsu ke ce wa Kwamfuta, saboda ba ta mance abin da ta karanta. Farfesa ta yi mata tambayoyi uku, ta amsa kamar tana karantawa daga littafina. Har na fara gyara tsayuwa. Sai farfesa ta ɗauki guntun sandar ƙarfe a kan tebur ta miƙa mata.

"Rage mini kaurinsa da milimita biyu."

Yarinyar ta riƙe ƙarfen, ta dubi injin, ta dube ni. Na ga bakinta ya buɗe, na kuma san gaskiya ce za ta fito. Na yi maza na karɓe ƙarfen.

"Tsoro ne, ranki ya daɗe. Bari in fara mata, sai ta ƙarasa."

Na sa ƙarfen a bakin injin, na ɗaure shi da makullinsa, wani guntun ƙarfe mai hannu da ake cusawa a gefen bakin a murɗa. Na ɗaure tamau yadda littafi ya ce. Na kai hannu zan kunna.

Ban ga tahowarsa ba, sai dai na ji duka a bayan hannuna, irin wanda rabona da shi tun ina ɗan shekara tara.

"Kai, Auta! Kisa za ka yi?"

Yaya ya zare makullin daga bakin injin, inda na bar shi a cake. Da na kunna a haka, da injin ya wurgo shi kamar dutse daga majajjawa, kuma farfesa ce tsaye daidai saitinsa, ta sunkuyo tana kallo. Kada a bar makulli a bakin inji, ita ce doka ta farko, a shafi na biyu na takardar da nake raba wa ɗalibai, da manyan baƙaƙe. Ni na rubuta ta. Ɗalibai fiye da ashirin suna tsaye a bayana suna kallo.

Yaya ya tuna inda yake. Ya sassauta murya ya ce, "Afuwa, Dakta. Kawo in hutar da kai." Ya juya wurin yarinyar. "Zo nan, 'yata. Naɗe hannun rigarki, cusa bakin mayafinki ciki. Makulli ba ya barin hannunki sai ya koma kan tebur, kin ji ko?"

Ya tsayar da ita a gefe, ya ɗora hannunta a kan abin murɗawa, nasa a kai. Ya ce ta bar kallon lamba tukuna, ta saurari kukan ƙarfen. Da farko ƙarfen ya yi ƙara mai tsini, Yaya ya ce ta ja baya kaɗan. Can sai ɓawon ƙarfe ya fara fita a nannaɗe, dogo, ba ya tsinkewa. Yaya ya janye hannunsa a hankali, ita ba ta ma sani ba. Da ta gama ta auna, milimita biyu cif. Ta yi dariya da ƙarfi ita kaɗai, sannan ta rufe baki. Shekara biyu tana ajina ban taɓa ganin haƙoranta ba.

Farfesa ta cire tabarau, ta dubi Yaya. "Malam, tun yaushe kake aiki a nan?"

Yaya ya dube ni. Na dubi ƙasa.

"Tare muka fara da Dakta, ranki ya daɗe," in ji Yaya.

"Auta fa?"

"Sabo ne kawai."

A taron sallama farfesa ba ta raga mana ba. Ta ce malamanmu hannunsu ya yi laushi, ta kalle ni tana faɗa, kuma ta yi daidai. Amma ta ce ta zaga jami'o'i da yawa ta ga injina sababbi fil a cikin leda, nan ne kawai ta ga inji mai ɓarɓashi da mutumin da ya san shi. Muddin yara na hannun wannan ma'aikaci, in ji ta, hankalinta kwance yake. Bakina ya cika da magana, na haɗiye. Aka amince da kwas ɗinmu na tsawon shekara biyar. Shugaban sashe ya rungume ni har hularsa ta faɗi.

Ranar Juma'a da safe babbar mota ta zo. Yaya ya naɗe shuɗiyar rigar, ya ɗora katin a kai, ya miƙo mini. Ya kankare lambar jami'a daga jikin injinsa da farce. Na fara yi masa godiya, ya ɗaga mini hannu.

"Shekara talatin ina wannan aiki, ban taɓa ƙarya a kansa ba sai shekaranjiya," in ji shi. "Yarinyar nan tana da hannu. Ban san me za ka yi da shi ba."

Ya hau bayan motar ya zauna kusa da injin, yana riƙe da igiyar da aka ɗaure shi.

Ranar Litinin na zo wucewa ta ɗakin firaktikal, na tarar da yarinyar a ƙofa tare da wasu su bakwai. Ta ɗinka rigar aiki sabuwa, ta riga ta naɗe hannun, tana riƙe da sandar ƙarfen nan. Ta taga ana hango inda injin ya tsaya, babu komai sai ɗigon koren fenti a siminti.

"Malam, ina injin? Mun ce ko za mu fara tun yau."

"An kai shi gyara," na ce.

Ta dube ni. Sannan ta warware hannun rigarta, ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "To, Malam. Rahoton ranar Laraba fa, mu rubuta yadda muka saba?"