Mabuɗin da Na Bari a Ciki

Shekara arba'in ina yanka mabuɗi, amma sai da autata ta koya mini sana'ata a waya. A ɗakin gwaje-gwaje na asibiti take aiki. Da annoba ta shigo gari sai ta ɗauke ƙafa daga gidana, wai kada ta kwaso mini.

"Baba, bairos ɗin da ke kawo cutar nan ba ya fasa ƙofa," in ji ta. "Ƙwayoyin halittar da ke maƙogwaronka, kowace da makullinta. Shi kuma yana da 'yan ƙayoyi kamar haƙoran mabuɗi. In suka dace, ƙwayar da kanta take buɗe masa. Ya shiga, ya hayayyafa, 'ya'yansa su fito su nufi maƙwabta."

"Ɓarawo mai ladabi ke nan," na ce. "To, maganinsa fa?"

"Wani maganin riga shi shiga ramin makullin yake yi, ya toshe."

"Wannan ai tsohon zance ne. In da mabuɗi a ciki, na waje ba ya shiga."

Ta yi ta dariya. Tun ranar, in na kulle ƙofa sai in bar mabuɗin a ciki. Na san ba ya hana cuta, ban haukace ba. Kawai duk na murɗa shi sai in tuna dariyarta.

Gidan ya yi mini yawa. Tun rasuwar mahaifiyarta ƙara ɗaya nake jira, ta mabuɗin Auta, wanda na yanka mata da hannuna. Yakan ɗan cije kafin ya juya. Wata biyu ban ji shi ba, kewa ta ishe ni.

Ranar da gwajinta ya fito lafiya aka ba ta hutun awa biyu. Ba ta kira ba, wai sai dai in gan ta kwatsam. Ni kuwa da rana tsaka barci ya sace ni a ɗakin baya, wayata ba caji, kunnena ɗaya kuma dama ya daɗe da yin ritaya.

Da na farka na tarar da kular abinci a bakin ƙofa, da sauran ɗuminta, da takarda a kai.

"Baba, mabuɗina ya ƙi shiga. Ina jin rediyonka, na ƙwanƙwasa har na gaji. In fushi ka yi ka canja makulli, ka yafe mini. Na koma aiki, sai bayan sati uku."

Na leƙa titi, ba kowa. Na zare mabuɗina na jefa aljihu, na zauna a dokin ƙofa na ci abincin, ƙofar a buɗe.