Giram Talatin da Bakwai

A shagon gyaran kwamfuta na Uzairu da ke Dilimi akwai wani katako a bango wanda ba a sayar da abin da ke kansa. Maus huɗu ne na wasan kwamfuta, ƙirar kamfani ɗaya, jere bisa shekarunsu, da gurbi guda a tsakiya. Na farko mai ƙwallo ne a ciki, nauyinsa kamar sabulun wanki. Na biyu ya zo da jan haske. Na huɗu ya yar da waya. Na biyar duk huji ne kamar saƙar zuma. A ƙasansu kibod biyu, tsohon mai ƙara kamar keken ɗinki, da sabon da maganaɗisu ke jin yatsa tun bai gama sauka ba.

Ranar Alhamis da hantsi Mistura ta shigo, lemarta na ɗiga. Ita ce ta kai wasan ƙarshe a gasar harbi ta kwamfuta da za a yi a Rayfield ranar Asabar. Wanda ya ci zai shiga tawagar da za ta Legas. Ta ajiye maus biyu a tebur.

"Oga Uzairu, wannan ya mutu, wannan kuma yana son kashe ni."

Mataccen shi ne na uku, wanda babu a katakon, ta shekara tara da shi. Ɗayan sabo ne dal, na shida.

"Me ya yi miki?"

"Ba shi da nauyi. In na nufi kai, sai in harbi sama."

"To ki shiga gasar harbin tsuntsaye mana."

"Oga, ba na dariya."

Ya buɗe tsohon. Idon maus ɗin da ke ganin motsi ya ƙone, kuma an daina yin irinsa. Ya buɗe sabon. Ya san maus na kamfanin nan tun daga kakansu, amma bai taɓa ganin ciki haka ba. Kusan babu komai. Allon lantarkin bai fi faɗin yatsa biyu ba, batirin kamar ƙwayar gyaɗa, robar an rarake ta har haske na ratsawa. Duk da haka abin yana gaya wa kwamfuta inda yake sau dubu takwas a daƙiƙa guda.

"Ikon Allah," ya ce a hankali.

Ya ɗauko ƙaramin sikelin da kakansa ya riƙa gwada samfurin kuza da shi a zamanin haƙa. Tsohon ya yi giram casa'in da biyu, sabon hamsin da biyar. Sannan ya ɗora tsohon a kan fensir yana matsawa, har ya tsaya bai karkata ba. Nauyin a baya yake, ƙarƙashin tafin hannu.

Ya yanka dalmar liƙi gutsure bakwai, ya manna su a cikin sabon, yana aunawa yana mayarwa kan fensir. Hannunsa ya ɗan yi nawa. Wasu mutane da bai taɓa gani ba sun shekara tara suna cire giram talatin da bakwai ɗin nan, ga shi yana mayar da su kafin azahar.

Mistura ta zauna gaban kwamfutar shagon. Harbi goma, tara suka samu. Ta sauke ajiyar zuciya.

"Bayan Asabar," in ji Uzairu, "ki riƙa zuwa kowane mako ina cire guda. Hannunki zai biyo su a hankali. Kada ki je Legas da nauyin da suka riga suka yar."

"Wannan fa?" Ta nuna mataccen.

Ya dubi katakon. Ita ma ta duba. Ta miƙe da kanta ta sa shi a gurbin, tsakanin na biyu da na huɗu.