Darasin da Mai Walda Ya Ƙi Ganewa

"Sake faɗa, mai kan dutse," in ji Malam daga kan gado, yana ƙwanƙwasa allon da 'yarsa ta jingina masa da bango. "Ɗaya a kan x. Wace lamba ce ba za ta shiga ba?"

"Bakwai," in ji Mai Walda.

"Bakwai! Me bakwai ta tsare maka?"

Mai Walda maƙwabcinsa ne, katanga ce tsakaninsu. Ƙarfe ya sani, ba boko ba. Abin ya samo asali ne ranar da autarsa ta kawo masa aikin gida na aljabara, ya juya takardar ya kasa gane komai. Malam, tsohon malamin lissafi da ciwon ƙoda ya kwantar, ya ji labari ya sa aka kira shi. A gaban kowa ya ce ya roƙi Allah kada ya ɗauki ransa sai wannan ƙaton ya gane lambobin da ƙa'idar lissafi ke karɓa da waɗanda take fitarwa.

Kowa ya yi dariya, ban da Mai Walda. Shi da gaske ya ɗauki maganar. Tuni ya gane darasin, amma kullum da yamma sai ya wanke hannu ya zo ya zuba shirme. Malam ya tashi zaune yana masifa, har abinci yake ci don ya sami ƙarfin zagi.

Yau kuwa Malam ya sauke hannu daga allon.

"Jiya tagata a buɗe take. Na ji wani jaki a bayan katanga yana gaya wa 'yarsa, 'Sifili ne kaɗai ba ya shiga, don ba a raba abu da sifili.'"

"Rediyo ne, Malam."

Malam ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Ɗan'uwa, ka kyauta. Amma na gaji, duk bayana ciwo ne. Ka sallame ni. X sau x, me ke shiga?"

Mai Walda ya daɗe yana kallon kumburarrun ƙafafun da ke leƙowa daga bargo.

"Kowace lamba."

"Me ke fita?"

"Sifili zuwa sama. Ba ya sauka ƙasa da sifili."

"Ku zo ku ji!" Malam ya ƙwala kira. Matarsa ta shigo da ludayi a hannu, jikoki na biye da ita. Aka sa Mai Walda ya maimaita, ɗaki ya kaure da tafi. Malam ya jawo shi, ya zana masa ƙaton maki da alli a gaban rigar aiki.

Malam bai kai ƙarshen mako ba. Matarsa ta ce a cikin barci ya cika, fuskarsa a sake.

Ranar wanki matar Mai Walda ta kai hannu ga rigar a jikin ƙusa.

"Bar wannan," in ji Mai Walda, ya fita da singileti ya kunna inji.