Maharbi Ba Ya Jin Maganar Itace

Shekara ashirin da shida muka yi muna haɗuwa a kicin ɗina da ke garin Falun, duk Lahadin farko ta wata da ƙarfe biyu na rana. Mu huɗu ne: ni Torgny, da Gunnel, da Stellan da matarsa Bodil. Wasan labari muke yi: kowannensu yana da gwarzon da yake wakilta, a rubuce a takarda, ni kuma nake jan labarin. Ni ke faɗin inda suke da abin da ya tare musu hanya, su faɗi abin da za su yi, a jefa ɗan lido mai fuska ashirin ya raba gardama. Duk wani wanda suka haɗu da shi a cikin labarin, sarki ne ko mai sayar da kifi ko dodon fadama, da bakina yake magana.

Alƙali suke ce mini, kuma ni na jawo wa kaina. Su ukun duk sihirin daji suka zaɓa, sai rigima ta yi yawa tun a shekarun farko. Wannan ya ce shi zai kira ruwan sama, waccan ta ce ya shiga mata gona. Da abin ya ishe ni na zauna na rubuta doka shafi goma sha ɗaya, har na sa aka yi mata bango. A cikin wasan, Gunnel matsafiyar gunkin girbi ce, ita roƙo take yi, in an ga dama a ba ta. Stellan maharbi ne, shi koyo ya yi: ya san sawu, ya san ganyen da ke tsayar da jini, amma duk daga waje yake kallon daji. Bodil ce bokanyar kurmi, ita ba roƙo ba koyo, jininta ɗaya da itatuwa, tana yi musu magana suna amsa mata. Na yi alfahari da wannan rarrabewa fiye da duk abin da na yi a wurin aikina, ofishin auna filaye.

Bodil ba ta taɓa barin dokar ta huta ba. In ta ajiye burodin kirfa a tebur sai ta ce, "Alƙali, a wane shafi aka ce maharbi zai ci biyu?" Stellan kuwa, direban bas ne mai ƙarancin magana, sai ya yi murmushi ya ɗauki na uku.

A gaske ma haka suke. Suna da ɗan lambu a cikin filayen da ƙungiyar unguwa ke rabawa a bakin kogi, da ɗan ɗakin katako ja da benci. Ita ce mai shuka. Shi nasa tura baro da gyaran shinge, ko ganyen karas bai iya bambantawa da ciyawa ba.

Ciwon Bodil ya bayyana a watan Yuni, zuwa Oktoba an daina yi mana ƙarya. Ranar da na je duba ta a asibiti ta aiki Stellan neman kofi, sannan ta zaro ambulan a liƙe daga ƙarƙashin matashi.

"In na tafi, kada ka kashe mini bokanyata a bakin wani dodon banza," ta ce. "Ka mayar da ita itacen tuffa. Wancan sarkin shirun zai je ya yi wa itacen magana, na san halinsa. Ranar da ya yi, ka buɗe wannan ka karanta masa. A tebur fa, da muryar itace."

"Ai maharbi ba ya jin maganar itace," na ce, don in ba ta dariya.

Ta yi dariyar har tari ya sarƙe ta. "Kai dai Allah ya shirye ka."

A Nuwamba muka binne ta. Lahadin farko ta Disamba na ɗauka ba wanda zai zo, sai ga Gunnel da burodin kanti, sai ga Stellan da takardarsa a aljihun riga. Na ba da labarin kamar yadda Bodil ta so: da asuba suka tarar bokanyar ba ta a shimfiɗarta, sai wani itacen tuffa a kan tudu, alkyabbarta a rataye a reshe. Gunnel ta fyace hanci. Stellan ya daɗe yana kallon taswirar wasan da ke kan tebur, sannan ya tura ɗan mutum-mutumin dalma da ke wakiltar maharbinsa zuwa tudun.

"Na dafa itacen," ya ce. "Na ce mata, kina jina?"

Ambulan ɗin tana cikin littafin dokar, ƙarƙashin tafin hannuna. Abin da ya faru a raina ban taɓa gaya wa kowa ba sai yanzu. Tsoro na ji. Na yi muryar sarakuna da ta matattu ɗari a teburin nan, amma na san ina buɗe baki da kalmominta zan fashe da kuka a gaban mutane, ni da ko a jana'izar uwata ban yi ba. Sai na nemi wurin ɓuya, na kuwa samu a shafi na huɗu.

"Iska kawai ka ji a cikin ganye," na ce. "Maharbi ba ya jin maganar itace."

Gunnel ta dire kofinta. "Torgny, kana da hankali kuwa?"

"Doka ce. Kowa ya sa mata hannu."

"Dokar uwar wa? Kai ka rubuta ta da wannan mummunan rubutun naka! To ni zan roƙi gunkina ya buɗe masa kunne."

"Gunkinki na hatsi ne, ba ruwansa da itatuwan kurmi. Shafi na bakwai."

"Wallahi in na kwaɗa maka shafi na bakwai a ka..."

"Bar shi, Gunnel," in ji Stellan. Ko ɗaga murya bai yi ba. "Gaskiyarsa ce. Da ma can ban iya jin ta ba." Ya juyo gare ni. "In maharbi ya ajiye baka ya fara koyon aikin bokaye daga tushe, mataki nawa ne kafin ya ji?"

"Uku," na ce.

"To a rubuta."

Da na sani ƙeya ce. A lokacin har wani sanyi na ji a raina, wai na sami lokacin shiryawa. Na ma yaudari kaina cewa alheri na yi masa, tunda na ba shi dalilin fitowa daga gida duk wata.

Mataki uku a wasanmu ba abin wasa ba ne, wata goma sha huɗu ya ɗauka. Mutumin da ke harbo gaggafa a sama ya koma yana tsintar saiwoyi kamar sabon yaro, dodanni suna turmushe shi, bai taɓa ƙorafi ba. Duk ƙarshen zama zai tambaye ni maki nawa ya samu, ya rubuta da fensir, ya wanke kofinsa ya tafi. A Janairun farko ya ce mana ya mayar wa ƙungiya lambun, ba ya iya shiga wurin, ga mutane kuma suna layin jira. Muka ce ya kyauta. Sau biyu Gunnel ta tare ni a bakin ƙofa tana cewa in ƙara masa maki ya huta. Na yi ƙememe na ce in aka fara rangwame wasa ya lalace.

Ranar ta zo a Fabrairun shekara ta biyu, dusar ƙanƙara har gwiwa. Stellan ya zo da rigar da yake sawa ranar biki. Ya tura mutum-mutuminsa kan tudun, ya jefa ɗan lido, sha bakwai ta fito, ta kuwa ishe shi.

"Na dafa itacen," ya ce. "Kina jina?"

Na zaro ambulan ɗin. Dukansu suka gane rubutun tun kafin in yage bakinta. Na karanta, kuma kukan da na yi gudu shekara guda da wata biyu ya zo tun a layin farko, ba kuma abin da ya ci ni.

"Ina jinka, kurman banza. Na san ranar farko za ka zo. Alƙali zai yi 'yan gunagunin dokarsa, amma zai bari, yana da zuciya a wani wuri can ƙasa. Saurara da kyau. Kada ka mayar da lambun, na san abin da kake shiryawa ke nan. A Satumba, duk ranar da kake kan aiki, na riƙa lallaɓawa ina binne kawunan fure masu kama da albasa, guda ɗari uku, daga ƙofar shinge har zuwa benci. Furanninsu shuɗaye ne, kuma duk shekara suke dawowa, ba sa son komai daga gare ka. Tunda sawu kaɗai ka iya karantawa, ga sawuna nan na bar maka. Ka jira Afrilu, ka bi su, ka zauna ka sha kofinka."

Na ɗago kai daga takardar.

"Sun kira ni," in ji Stellan can. "Sababbin masu lambun. A Afrilun bara. Matar ta ce ga wasu tsirrai sun fito a jere a kan hanya, su kuma suna son shimfiɗa katako a wurin, ko wani abu ne mai amfani? Na ce mata ciyawa ce. Na ce matata ba ta shuka komai a nan ba, su tone."

Gunnel ta rufe bakinta da hannu.

Ya miƙo hannu na ba shi takardar. Ya ninke ta sau biyu ya sa a aljihu, sannan ya dube ni.

"Tun yaushe take wurinka?"

"Tun tana asibiti."

"Ranar da na fara tambaya, tana ina?"

"A nan. Cikin littafin."

Ya gyaɗa kai. Na so ya zage ni, ko ya kife teburin, wallahi da ya fi mini sauƙi. Na fara cewa tsoro ne ya kama ni, ba mugunta ba, ya ɗaga hannu alamar ya isa. Ya tashi ya wanke kofinsa kamar kullum, ya kife shi a kan kanta, ya ɗaura takalminsa a zaure. Mutum-mutumin ya bar shi a kan tudu.

Lahadin farko ta Maris ni da Gunnel muka zauna har kofi ya huce. Ta ce mini kada in kira shi, ba ni da abin faɗa da zai so ji, kuma ta yi gaskiya. Ita ma daga ranar ba ta sake kawo takardarta ba.

A Afrilu na bi ta bakin kogi na leƙa ta saman shingen. Katako ne shimfiɗe daga ƙofa har inda bencin yake a da, da lilon yara a gefe. A jikin turken ƙofar, inda shebur bai kai ba, shuɗayen furanni biyar sun fito. Na ɗauki hotonsu na tura wa Stellan, ban rubuta komai a ƙasa ba. Wayar ta nuna mini ya gani a ranar, yau kuma wata bakwai ke nan bai amsa ba.