Wankan Baba Mala

Tsoron gawa nake yi, gara in faɗa tun yanzu. Shi ya sa da Baba Mala ya miƙe a kan tabarma a zaurensa, ya haɗa ƙafafu ya rufe ido, sai na tsaya riƙe da buta ina kallon ƙofa, alhali na san da ransa, ga cikinsa nan yana hawa yana sauka.

"Fara mana, Badamasi," ya ce, bai buɗe ido ba. "Gawa ba ta son jira."

"Gawa ai ba ta magana, Baba."

"Wannan tana yi. Ka more ta tun kafin ta daina."

Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa, ita ma rabinta ta zube, ba wanda ya ga dalilin tayar da ita. Shi ne mai wankan gawa a Tudun Baƙo tun kafin a yi mini kaciya. Ni kuwa na yi furfura ban taɓa matsawa kusa da makara ba. In an yi rasuwa, ni ne mai shimfiɗa tabarmi, mai nuna wa baƙi inda za su yi alwala. Har yabona ake yi wai ina da hidima.

Tudun namu, in mutumin ƙasar duwatsu ya gan shi dariya zai yi, don ko akuya ba ta haki in ta hau. Amma a wannan fadama ta bayan Guri, inda ƙasa take shimfiɗe kamar faifai, mu ne mutanen sama. Da damina ruwan kogi yana zagaye mu ta ko'ina, ya bar mu da tsamiya ɗaya da masallaci da maƙabarta. A da akwai kasuwar kifi, har daga Kafin Hausa ake zuwa sayen banda. Sai ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, ruwan ya rasa inda zai bi ya kwanta a gonaki, abin da ya tsira na shinkafa tsuntsayen jan baki suka raba. Gida bayan gida aka kwance kwanon rufi aka tafi. Matata Bara'atu ta je Haɗeja zaman jegon 'yarmu, yaron da aka haifa yanzu yana gudu, ita ba ta gama jegon ba. Ni ma kullum cewa nake zan bi ta. Ɗaurin kaya ne ba na so.

Da ruwan bana ya fara tasowa, sauran masu ƙarfi suka bi kwalekwalen ƙarshe. Muka rage mu uku: ni, da Baba Mala, da ƙanwarsa Inna Mairam, wadda kunnenta ya riga kowa barin gari. Ɗansa Zainulabideen ya zo daga Haɗeja ya yi roƙo har ya gaji, tsohon ya ce shi wanda ya sa mutanen garin nan a ƙasa da hannunsa ba zai je ya kwanta cikin baƙi ba. Bayan tafiyar ɗan ne tsohon ya leƙo ta inda katangar ta zube, ya ce mini ƙirjinsa ya fara yi masa wani nauyi, kuma ya yi lissafi ya ga in abin ya zo kafin ruwa ya janye, ni ne zan wanke shi. Na ce Allah ya ƙara masa lafiya da nisan kwana. Ban taɓa yi wa mutum addu'a da zuciya ɗaya irin ta ranar ba.

Haka muka shiga karatu. Kullum da hantsi ya kwanta, in rufa masa zane daga cibiya zuwa gwiwa, in ɗauki butar da ba ruwa a ciki. Ya nuna mini yadda zan ɗaga shi in shafa cikinsa a hankali, yadda zan naɗe hannuna da tsumma, yadda zan yi masa alwala ba tare da na ɗura masa ruwa a hanci ba. In na fara ta hagu sai gawar ta ɗaga hannu ta make ni. Ya sa na tsinko ganyen magarya na shanya, Inna Mairam ta daka. Ita ta ɗinka likkafanin, tana mita wai farin da ya saya tun bara bai da kauri.

Yana kwance yake ba ni tarihin garin, shi ma ta hanyar da ya sani. Baƙo makiyayi ne, ruwa ya koro shanunsa suka hau tudun, da ruwa ya janye shanun suka sauka shi ya ƙi. Da ya rasu, wani masunci da ke shanya taru a gindin tsamiya ya wanke shi. Shi kuma masuncin, ɗan Baƙo ne ya wanke shi. Daga nan hannu ya yi ta miƙa wa hannu har ya iso kan wani Malam Gambo, shi ya koya wa Mala yana saurayi. Baba Mala bai san shekarar da aka haƙa rijiya ba, bai damu da jerin masu unguwa ba, amma ya san wanda ya wanke kowa. Har ubana ya ambata, ya ce mutum ne mai nauyi, sai da suka yi su uku kafin su juya shi.

"Ni ba zan wahalar da kai ba," ya ce. "Ka ga abin da ya rage."

Kabarin ma tare muka haƙa, wato ni na haƙa shi yana zaune a inuwa yana cewa ya karkace. Muka rufe shi da tsohon kwano saboda ruwan sama, muka jingine itatuwan rufi a gefe.

Wata Talata da hantsi na same shi zaune a zaure, ya jingina da bango, ƙwaryar gyaɗa a cinyarsa. Na zauna kusa da shi na ɗebi gyaɗar, na shiga ba shi labarin yadda tsuntsaye suka gama da ɗan abin da na shuka, na zagi kacalla, na zagi gwiwata. Na daɗe ina magana, har na ji daɗin yadda yau bai katse ni ba. Sai ƙuda ya sauka a gefen idonsa, idon bai ƙifta ba.

Ban san lokacin da na kai gindin tsamiya ba, takalmi ɗaya a ƙafa. Can ne kawai waya take kamawa. Na kira Zainulabideen, ya yi salati, sannan ya ce ko yanzu suka taso sai sun kwana a Guri, don kacalla ta rufe mashigar, sai an zagaya ta nesa. Rana kuwa ta riga ta fara dukan ƙasa. Ya tambaya ko akwai wanda zai iya. Na duba gabas na duba yamma, ruwa ne da ciyawa. Na ce akwai.

Inna Mairam ba ta ji abin da na faɗa mata ba, fuskata ta kalla. Ta tashi ta ɗora ruwa a murhu, ta miƙo mini garin magarya da likkafani, ta zauna a ƙofar zaure ta ba mu baya.

Na rufe masa ido, na ɗaure haɓarsa. Na rufa masa zane, na ɗauko buta. Jikinsa da ɗumi-ɗumi, kamar na kullum, ruwan ne kawai sabon abu. Na gama alwala na kama kafaɗarsa ta hagu, sai na ji na noƙe wuya ina jiran duka. Na jira. Kukan kaji kawai nake ji daga tsakar gida.

"Yi haƙuri, Baba," na ce. "Dama."

Na zagaya na fara ta dama. Na ga tabon ƙugiya a babban yatsansa, na ga kantar sallah a gwiwoyinsa, na ga dauɗa a bayan kunnensa inda hannunsa ya daina kaiwa, na wanke ta sosai. Na shafa masa turare na naɗe shi.

Makara tana son mutum huɗu, don haka na rungume shi na ɗauka. Gaskiya ya faɗa, bai wahalar da ni ba. Na ajiye shi a gaban masallaci, na tsaya ni ne liman ni ne sahu, Inna Mairam can baya. Na yi kabbarorin da ƙarfi ko za ta ji. Sannan na shiga ramin na kwantar da shi a kan damansa, na jera itace, na toshe da laka. Kabarin ya ɗan karkace. Yana da gaskiya a nan ma.

Washegari da azahar kwalekwale ya iso da Zainulabideen da wani limami da mutane kaɗan. Limamin ya yi mini tambayoyi ɗaya bayan ɗaya, yadda na fara, yadda na gama, ya gyaɗa kai ya ce babu gyara. Ɗan ya riƙe hannuna. Suka yi addu'a a kan kabarin, suka ci ɗan abin da Inna Mairam ta dafa, sannan suka ɗaure mata kayanta, don ba za a bar tsohuwa babu wanta ba. Ita ba ta yi gardama ba. Suka ce Bara'atu ta aiko a ce mini akwai wuri a kwalekwalen. Na ce su gaishe ta, sai ruwa ya janye, akwai kaji da akuyoyin da ba a san yadda za a yi da su ba.

Na tsaya a gindin tsamiya ina kallonsu. Kwalekwalen ya shiga cikin kacalla, kawunansu suka rage, daga baya sai saman gorar tuƙi kawai yana ɗagawa yana sauka, har shi ma ciyawa ta haɗiye shi. Na koma zauren na ɗauko butar na wanke ta na kife.

Yanzu duk faɗin Tudun Baƙo babu wanda ya kai ni iya wankan gawa. Ni kaɗai ne a garin.