Bishiya Ɗaya, Shago Tara

Shekara talatin ina walda a layinmu, ban taɓa jin bishiya ta shiga maganar lasisi ba sai bana. Takarda ce ta zo daga ma'aikata, wai ƙasa ta ɗauki sabon tsari na neman arziki ba tare da ɓata muhalli ba. Duk shagon da babu bishiya mai rai a ƙofarsa, ba za a sabunta masa lasisi ba. Ni kuwa in ba walda ba, ban iya komai ba.

Mu tara ne a layin, kuma siminti ne tun daga bakin titi har jikin bango. Mai gidan haya ya ce duk wanda ya fasa masa siminti ya kwashe kayansa. Sai na kawo dabara. Na yanka ganga, na sa mata tayoyin baro, muka cika ta da ƙasa muka dasa mangwaro guda. In mai duba ya shiga wannan shago yana karanta takardu, sai mu tura ta ƙofar na gaba.

Wata biyar babu wanda ya zo. Muka ajiye gangar a ƙarshen layi, ƙofar Mai Gawayi, inda famfo ke yoyo. Ranar da wata jami'ar ma'aikata ta sauko daga mota da ƙaton fayil, muka ruga mu huɗu muka tura, ganga ta ce ba inda za ta. Ashe tsatsa ta cinye gindinta, saiwa ta bi tsagar siminti ta kama ƙasa. Mai Gawayi, wanda bai taɓa zuba mata ko kofin ruwa ba, ya tsaya yana shafa ganye yana kiranta 'yata.

Tela ne ya ce tunda bishiya ta ƙi zuwa, shago ya je. Rana ta yi zafi, jami'ar ta riga ta ja benci ta zauna a 'yar inuwar. Tela ya kinkimo kekensa da allon shagonsa ya tsaya a bayan mangwaro, ta ɗauki hoto. Mai aski ya zo da kujera da madubi, har da mutumin da aka aske wa rabin kai. Da na jawo injina ina haki, kunya ta kama ni, na fara, "Ranki ya daɗe, gaskiyar magana..."

"Baba, takarda ta ce bishiya a gaban shago," in ji ta, ko ɗago kai ba ta yi ba. "Ba ta ce kada shago ya yi tafiya ba. Na gaba."

Bayan mako uku ambulan ya iso. A ciki ga lasisina sabo fil. A bayansa kuma ga wata takarda tana taya mu murna: bishiya tara a fili taku biyu, ba a taɓa ganin cunkoso irin wannan ba, don haka an mai da layinmu gandun daji. A gandun daji kuwa an hana kunna wuta. Tela da mai aski ba ruwansu. Mai Gawayi ma ya tsira, tunda nasa a kashe yake sayarwa. Ni kaɗai ke tartsatsi.

Na je ma'aikata na yi bayani tun daga ganga har saiwa. Suka saurare ni da ladabi, suka ce daga gani na san dajin nan ciki da waje, suka ɗauke ni gadinsa, har da hula. Injina yana lulluɓe da tamfol, kowane wata ina sa hannu cewa duka taran suna lafiya.

Jiya wata takardar ta zo: dajin ya yi cunkoso, a rage uku. Tun da safe Mai Gawayi yake zaune kusa da ni yana wasa gatari, yana tambayata wacce za mu fara sarewa.